Sharhi kan manhajar Windy: karanta yanayin ƙarshen bazara a gaɓar teku mai zafi da laima

Daga farkon Mayu zuwa tsakiyar Yuni, a gaɓar tekun da zafi da laima suka yi wa katutu, tambayoyin da ake wa hasashen yanayi ba su cika wuce uku ba: yaya nauyin zafin zai kasance, da ƙarfe nawa hadarin yamma zai taso, kuma ko akwai guguwar da ke haɗuwa can cikin teku. Windy tana amsa ta farko da kyau ƙwarai. Ta uku tana amsa ta daidai gwargwado. Ta biyu kuwa tana amsa ta da bakin wanda ya tabbata, alhali ba ta tabbata ba, kuma ita ce tambayar da yawancin mutane ke buɗe manhajar dominta.

Windy.com ake nufi, mai jar alama, wadda Ivo Lukačovič na Jamhuriyar Czech ya buɗe a 2014 da sunan Windyty. Akwai wata dabam mai suna Windy.app, ba ita ba ce. Asalin aikin Windy nuna hasashe ne: tana ɗauko lissafin manyan injinan hasashe na duniya ta shimfiɗa shi a kan taswira mai motsi. Daga cikin waɗanda suka rufe duniya baki ɗaya, uku ne aka fi dubawa. Akwai ECMWF na cibiyar Turai da ke Reading a Ingila, wanda ke yanka duniya gida-gida kamar dara, kowane gida kusan kilomita 9. Akwai ICON na hukumar yanayi ta Jamus mai gidan kilomita 13. Sai GFS na Amurka, wanda Windy ke nunawa a kilomita 22. A wasu yankuna ana samun injinan gida masu ƙananan gidaje, kamar HRRR mai kilomita 3 a Amurka da AROME a Faransa. Ka riƙe waɗannan lambobi, domin kusan duk abin yabo da abin kushe na manhajar daga girman gidan nan ya samo asali.

Matakin raɓa ne shafin da ya fi biyan kuɗin sabulu

Mai duba zafi yakan tsaya a lambobi biyu, digirin zafi da kason laima, kuma a bakin teku su biyun sukan ruɗe shi. Kason laima yana hawa da sauka ne bisa zafin iska, ko da yawan ruwan da ke cikinta bai motsa ba. Ɗauki rana guda: da asuba zafi 26, laima kashi 89. Da la'asar zafi ya kai 33, laima ta sauko kashi 59. Mai karanta kaso zai ce iska ta bushe. Ba ta bushe ba ko kaɗan, ruwan da ke cikinta yana nan yadda yake, kuma lambar da ke faɗin haka ita ce matakin raɓa, wato digirin da zafin iska zai sauko ya kai kafin ta fara zubar da raɓa. A wannan ranar 24 ne da asuba, 24 ne da la'asar.

A jerin shafukan Windy na Turanci sunansa Dew point, kuma sai an buɗe cikakken jerin akan gan shi. Karatunsa ba wuya. Ƙasa da 13 iska sakayau take. Daga 16 zuwa 18 jiki ya fara danƙo. Da ya haura 21 gumi ya daina bushewa da sauri, riga ta manne a baya. Daga 24 zuwa sama aikin ƙarfi a rana ya zama abin yi da lissafi. A misalin da ya gabata, zafi 33 da raɓa 24 suna ba da zafin da jiki ke ji kusan digiri 40, kuma a inuwa ke nan. Hukumar yanayi ta Amurka tana cewa tsayuwa a tsakiyar rana na iya ƙara har digiri 8 a kai.

Dalilin da ya sa injinan suka iya wannan lissafi shi ne laimar bakin teku ba abu ba ce ƙarama mai tsalle-tsalle. Tarin iska ne mai faɗin ɗaruruwan kilomita, wanda ya kwana a kan ruwan ɗumi ya sha ya ƙoshi, don haka gidan kilomita 9 ya ishe shi. Hasashen kwana uku zuwa biyar na matakin raɓa abin dogaro ne, kuma yana buɗe wasu ƙofofi. Zafin dare ba ya cika sauka ƙasa da matakin raɓa, saboda haka raɓa 25 na nufin daren da ba zai huce ba, fanka za ta yi ta juya iska mai ɗumi har gari ya waye. Mai fenti yana bukatar bango ko ƙarfe ya ɗara matakin raɓa da aƙalla digiri 3, in ba haka ba danshin da ido ba ya gani zai kwanta ƙarƙashin fentin ya sa shi kumbura daga baya. Na'urar sanyaya ɗaki da aka sauke ƙasa da matakin raɓar waje ita ke sa gilashin taga ya yi ta zufa ta waje, ba lalacewa ta yi ba.

Sai a haɗa da shafin zafin ruwan teku. Iskar da ta taso daga teku takan zo da matakin raɓa ƙasa kaɗan da zafin ruwan da ta ratso, kuma kowane digiri ɗaya na ƙarin ɗumi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7. In ka ga ruwan da ke gaban gaɓa yana hawa daga 26 zuwa 28 ko 29 cikin watan Mayu, ka san darare masu nauyi sun kusa zama na kullum. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta hango makonni masu zuwa daga cikin manhajar, kuma ta fi duba teburin kwana goma amfani.

Abu ɗaya ke ɓata wannan karatu, wato inda ka ɗora alama. Gidan da ya faɗo a kan bakin gaɓa rabinsa ruwa ne rabinsa tudu, kuma injin yana iya ɗaukar sa a matsayin teku. In haka ta faru za ka ga zafin rana 29 alhali titi yana 33, dare kuma ya fito da ɗumi fiye da gaskiya. Maganinsa shi ne ka ja alamar kilomita 10 zuwa 15 cikin tudu ka kwatanta. In lambar rana ta yi tsalle da digiri uku ko huɗu, ta cikin tudun ce ta fi kusa da abin da unguwannin bayan gaɓa za su ji. Sannan ka kunna alamun tashoshin awo, ka danna filin jirgin sama mafi kusa. A cikin layin rahotonsa za ka ga wani abu kamar 33/24: na farko zafi, na biyu raɓa, awon gaske na sa'ar da ta wuce. Kwana uku na kwatanta wannan da hasashe sun isa ka gane injin da ya fi dacewa da wurin.

Taswirar ruwa

A nan gizo ke saƙa. Hadarin yamma na bakin teku ɗan iskar teku ne. Da hantsi tudu yana ɗumama fiye da ruwa, iskar kansa ta tashi sama, iska mai ɗan sanyi daga teku ta kutso ta maye gurbinta. Gaban wannan iska yana tafiya cikin tudu kamar bakin garma, yana ɗaga iska mai zafi da laima, kuma a kan wannan siririn layi girgije ke tsirowa. Wanda ya tsaya a bakin ruwa da azahar zai ga sama tangaran a kan teku, amma in ya juya baya zai ga jerin farin girgije masu lafaffen gindi sun yi sahu nesa kaɗan, kawunansu na kumbura kamar audugar da aka shiƙa. Tsayin gindin ma ana iya lissafa shi: ratar zafi da raɓa sau mita 125, wato kusan mita 1,100 a ranar 33 da 24.

Hadari guda daga cikin waɗannan faɗinsa 'yan kilomita ne, rayuwarsa minti 30 zuwa sa'a ɗaya. Injin hasashe kuwa ba ya ganin abu sosai sai ya kai faɗin gidaje biyar zuwa bakwai, ke nan ECMWF sai abu ya doshi kilomita 50. Hadarin ya fi ƙarfin idonsa. Abin da yake yi shi ne ƙiyasi: ya auna zafi da laima a gidan, ya ce a irin wannan hali akan samu ruwa kaza, sai ya shafa shi a kan gidan duka. Shi ya sa taswira ke nuna shuɗin yayyafi na milimita 2 ko 3 ya rufe gaɓa baki ɗaya, alhali abin da zai faru shi ne unguwa guda ta sha milimita 40 kamar da bakin ƙwarya, maƙwabciyarta ko ɗigo. Injinan duniya kuma sukan fara ruwan da wuri, su sa shi da azahar alhali sai bayan la'asar zai sauka.

Laifin Windy a nan na ado ne. Ta goge kusurwoyin gidajen, ta haɗa launuka sumul, tana barin ka matso da taswira har ka ga titinka, sai mutum ya ɗauka lissafin ma ya kai titin. Girman gidan yana rubuce da ƙananan baƙaƙe kusa da sunan injin a gindin allo, inda ba kowa ke kallo ba. Da an yi gargaɗi bayyananne a duk lokacin da mutum ya matso fiye da ƙarfin injin, da an rage yawan bikin da ake ɗagawa da wankin da ake fasawa a banza.

Amma kayan gane ranar hadari suna cikin manhajar, sai dai ba a shafin ruwa suke ba. Ka fara da shafin iska, ka ja sandar tsayi zuwa 850, lambar matsin iska da ke daidai da kusan mita 1,500 a sama, inda iskar teku ba ta kaiwa kuma ake ganin ainihin iskar da ke jan ragamar ranar. In tana busowa daga teku da ƙarfi, hadari zai tsiro da wuri ya wuce can cikin tudu, bakin gaɓa ya wuni a bushe, sai dai ɗan ruwan asuba da ke shigowa daga teku. In tana busowa daga tudu a hankali, za ta tokare iskar teku kusa da gaɓa, layin ya yi kaifi, hadarin ya makara amma ya yi ƙarfi, kuma iskar ta turo shi kan garuruwan bakin ruwa da yamma. In ta tudun ta yi ƙarfi sosai, iskar teku ba za ta shigo ba sam, kuma irin wannan rana ce ke fin kowace zafi a bakin gaɓa. In kuwa iskar saman ta kwanta, hadari zai tsaya wuri guda ya juye duk abin da ya ɗauko, nan ne magudanan ruwa ke cika. Zirin Florida misali ne sananne, inda iskar teku ke shigowa ta gabas da ta yamma su yi karo, kuma iskar saman ce ke yanke ɓangaren da karon zai faɗa.

Daga nan sai shafin CAPE, ma'aunin makamashin da hadari zai ci. Ƙasa da 1,000 rauni ne, 1,000 zuwa 2,500 matsakaici, sama da 2,500 mai ƙarfi. A ƙarshen bazara gaɓa mai laima takan yi ja wur a wannan shafi kusan kullum, kuma sabon shiga yakan firgita. Itace ne a jibge, ba wuta ba. Sau da yawa akwai wata shimfiɗar iska mai ɗumi da bushewa a sama da ke danne komai kamar murfin tukunya, sai a yi mako guda ana gumi babu ko rugugi. Don ganin murfin, ka koma shafin laima ka ɗaga tsayi zuwa 700, kusan mita 3,000. In laimar can ta yi ƙasa da kashi 30 ko 40, girgijen da ya taso zai shaƙi busasshiyar iska ya narke. In ta haura 60 ga CAPE mai yawa, ranar hadari ce. Wanda ya iya karanta zanen tsayuwar iska, wato zanen da ke nuna zafi da laima daga ƙasa zuwa sama, Windy tana ba da shi ga kowane wurin da aka danna, kuma a nan murfin yake fitowa ƙarara a matsayin lanƙwasar layin zafi zuwa dama. Samun wannan kyauta a waya abin yabo ne, ko da yake babu wani bayani da zai taimaki wanda bai taɓa ganinsa ba.

Maɓallin kwatanta injina, wanda ke jera su ɗaya bisa ɗaya a teburin wuri guda, shi ne abin da ya kamata a saba da shi. In duka sun sa ruwa a rana guda, to wani babban abu ne ke tafe, kamar gaban iska mai sanyi ko kwarin ƙarancin matsi, kuma irin wannan ruwa injinan sun iya shi. In sun watse, ɗaya ya ce Talata ɗaya ya ce Alhamis, ruwan iskar teku ne, sai a bar maganar sa'a a riƙe maganar yiwuwa. A gaɓar da iskar sanyi ke kaiwa, kamar Tekun Meksiko ko kudancin Sin, a yi hattara da alkawarin sauƙi na rana ta takwas ko ta goma: a ƙarshen Mayu gaban iskar yakan gaji ya tsaya kafin ya iso ruwa, ya bar laimar a inda take, har ya ƙara mata ruwa.

Guguwa da teku

Watan Mayu ba na wasa ba ne a wasu tekuna. A Tekun Bengal lokacin guguwar gabanin damina ne: Nargis ta afka wa Myanmar a ranar 2 ga Mayun 2008, Fani ta sauka a Odisha ta Indiya a ranar 3 ga Mayun 2019, Amphan ta biyo baya a ranar 20 ga Mayun 2020. A gabashin Pasifik kakar tana buɗewa 15 ga Mayu, a Atlantika 1 ga Yuni, amma daga 2015 zuwa 2021 babu shekarar da ba a samu guguwa mai suna a Atlantika ba kafin ranar buɗewar. Sharaɗin farko na haɗuwar guguwa shi ne ruwan teku ya kai kusan digiri 26.5, kuma a ƙarshen bazara wannan ya riga ya cika a wurare da yawa.

Shafin bin sawun guguwa na Windy yana jera hanyoyin da injina dabam-dabam suka zana, kuma yana da amfani da zarar guguwa ta haɗu. Matsalar tana gabanin haka. Mutum yana jan sandar lokaci zuwa ƙarshe, ya ga wani jan ƙulli yana juyawa kusa da gaɓarsa, ya ɗauki hoto ya watsa. Masu hasashe sun daɗe da sanin cewa GFS yana da halin ƙirƙiro guguwa a yammacin Karebiyan a wannan lokaci, wadda takan ɓace a lissafi na gaba. Taswirar Windy zare ɗaya ce daga cikin abin da ka iya faruwa, alhali cibiyoyin suna gudanar da lissafin sau da yawa da ɗan bambancin mafari, ECMWF sau 51, domin su ga yawan waɗanda suka yarda. Duk abin da ya wuce kwana bakwai, kar a zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Maganar kwashe mutane ko ɗaure jiragen ruwa ta cibiyoyin hukuma ce: ta Miami ga Atlantika da gabashin Pasifik, ta New Delhi ga arewacin Tekun Indiya, ta Tokyo ga yammacin Pasifik.

Masu kwale-kwale su lura da abu biyu. Tsayin igiyar ruwa da ake nunawa matsakaicin kashi ɗaya bisa uku mafi tsayi ne, igiya guda na iya kusan ninka shi. Sannan shafin bugun iska bai san da iskar da ke faɗowa daga gindin hadari ba, wadda kan juya teku cikin minti kaɗan a ranar da taswira ta nuna lafiya lau.

Abin da babu

Wanda ke neman hasashen wata guda ko na kaka, ko Mayu da Yuni za su fi na bara zafi, ba a nan zai samu ba. Wannan aikin wasu ne, kamar cibiyar hasashen dogon zango ta Amurka da ke fitar da nata a Alhamis ta uku ta kowane wata, ko ECMWF da ke hango watanni bakwai. Su ma yiwuwa suke bayarwa: ana raba tarihin shekarun 1991 zuwa 2020 kashi uku, sama da ƙasa da tsakiya, don haka kashi 45 na yiwuwar zafi fiye da saba ɗan rinjaye ne kawai a kan 33. Kuma hasashen El Niño da La Niña, wato ɗumama da hucewar ruwan Pasifik fiye da saba, wanda yawancin wannan lissafi ke jingina da shi, ya fi rauni daidai a watannin Maris zuwa Mayu.

Sigar biya tana ba da matakin sa'a-sa'a maimakon sa'a uku-uku, da sabuntawa a kai a kai. Ga matuƙin jirgin ruwa ko mai aikin da ya dogara da lokacin juyawar iska, ta cancanci kuɗinta. Ga mai son sanin ko za a yi ruwa ƙarfe huɗu, ƙiyasin nan ne dai aka yanka ƙanana, bai ƙara gaskiya ba.

A ranar da kanta, daga azahar a ajiye hasashe a koma shafin tauraron ɗan adam da na rada. Hoton tauraro yana sabuntuwa kowane minti 10 zuwa 15, kuma layin iskar teku yana fitowa a kansa kamar zaren farin girgije da ke bin siffar gaɓa. Inda zaren ya fara kauri, nan hadari zai fashe cikin sa'a ɗaya ko biyu. Rada ta fi daidai amma ta dogara da ƙasar da ta girka ta kuma ta yarda a raba, saboda haka gaɓoɓi da yawa babu ita, kuma wurin da babu rada yana iya kama da wurin da babu ruwa. Alamun walƙiya suna cike wannan giɓi. In an ga walƙiya da ido, a ƙirga daƙiƙa har a ji tsawa, kowane uku kilomita ɗaya ne. In bai kai 30 ba a shiga gini, kuma kar a fito sai an yi minti 30 da jin rugugi na ƙarshe.